Ku Nawa Ne a Jikinta?

A shekarar 1958, wata mata mai suna Shirley Mason ta miƙa wa likitarta wata doguwar wasiƙa a birnin New York na Amurka. Shekara huɗu ke nan likitar, Dokta Cornelia Wilbur, tana yi mata magani a kan cewa mutane da yawa ne ke zaune a jikinta, kowa da sunansa da muryarsa da halinsa. Wasiƙar ta ce sam babu wasu mutane, ita kaɗai ce, duk abin da take yi a gaban likita shiri ne, kuma munanan labaran da ta bayar a kan mahaifiyarta ba haka suka faru ba.

Likita ta karanta, ta ce ai wannan ma ciwon ne: mara lafiya ta kusa taɓo inda ke mata zafi, shi ya sa take gudu. Shirley ba ta da wani jigo a birnin da ya wuce wannan likita, kuma jikinta ya riga ya saba da allurai da ƙwayoyin da take ba ta. Ta koma gida ta rubuto wasiƙa ta biyu, ta janye ta farko, ta ɗora laifin a kan ɗaya daga cikin "mutanen". Aka ci gaba da magani har 1965.

Ni sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma a wurinmu gwajin da babu yadda za a yi ya ce maka "a'a" ba ma kiransa gwaji. A ɗakin Dokta Wilbur, in mara lafiya ta ce akwai mutane a jikinta, ciwo ya tabbata. In ta ce babu, ciwo ya ƙara tabbata. Wannan matsala ta girmi Wilbur da fiye da shekara ɗari, kuma har gobe ba ta bar likitocin ƙwaƙwalwa sun huta ba, domin ciwo ne da ba a gano shi da gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa. Da tambaya ake gano shi, tambaya kuwa tana iya haifar da amsarta.

Abin da likitoci ke kira disosiyeshan, ni zan kira shi rarrabuwar hankali. A al'ada tunanin mutum da abin da yake ji a jiki da abin da yake tunawa da saninsa na cewa "ni ne wane" duk a ɗaure suke wuri ɗaya kamar damin gero. Wani lokaci igiyar takan sassauta. Kowa ya ɗanɗani ƙaraminsa: ka kai zaman tahiya ka rasa raka'a nawa ka yi, alhali bakinka bai daina karatu ba. Wanda ya tsira daga hatsarin mota yakan ce ji ya yi kamar yana tsaye a gefen titi yana kallon kansa. Idan igiyar ta tsinke sosai, har mutum ya riƙa rasa awoyi ko kwanaki daga rayuwarsa, ko ya tsinci kaya a ɗakinsa bai san lokacin da ya saya ba, to an shiga fagen ciwo.

Kafin likitoci su karɓi wannan fage a Turai, a hannun malaman coci yake, kuma sunansa shafar shaiɗan. A 1775 wani limamin Katolika, Johann Joseph Gassner, ya yi suna a kudancin Jamus wajen fitar da shaiɗanu, jama'a na tururuwa wurinsa. Hukuma a Munich ta gayyaci wani likita, Franz Anton Mesmer, ya zo ya nuna cewa shi ma da nuna ɗan yatsa kawai yana iya sa mutum karkarwa da faɗuwa, kuma ya tsayar da su, ba tare da ambaton shaiɗan ba. Ya ce Gassner mai gaskiya ne, sai dai bai san cewa wani maganaɗisu na jiki yake aiki da shi ba. Maganaɗisun Mesmer tatsuniya ce, amma wani almajirinsa, Puységur, ya gano abu na gaske a 1784. Ya sa wani matashin manomi, Victor Race, cikin wani irin barci da yake magana a ciki da wayo da kaifin baki fiye da yadda aka san shi, in ya farka kuma bai tuna komai. Wannan shi ne asalin hifnosis, barcin da ake sa mutum da magana, wanda zan kira barcin umarni.

Mara lafiyar da ta fara jan hankalin malaman Faransa da gaske ita ce Félida, wata mai ɗinki a birnin Bordeaux, wadda likitan tiyata Eugène Azam ya fara gani a 1858 ya kuma bibiye ta shekaru masu yawa. Yarinya ce shiru-shiru mai yawan ƙunci. Sai ta ji sara a gefen kai, ta yi ɗan barci na mintoci, ta farka da fara'a da surutu da waƙa. A hali na biyu tana tuna komai. In ta koma na farko, duk abin da ya faru a na biyu ya shafe. Ta ɗauki ciki a hali na biyu, a na farko kuma tana kai ƙarar cewa cikinta na kumbura ba ta san dalili ba. Azam ya ba da labarin ranar da halin ya juye mata a keken doki ana dawowa daga jana'iza, ga ta cikin baƙaƙen kaya tsakanin masu makoki, sai da ta bi hira da dabara kafin ta gane wanda ya mutu.

Félida biyu ce kawai, kuma haka kusan duk na zamaninta. A 1885 ne, a asibitin sojan ruwa na Rochefort, likitoci biyu, Bourru da Burot, suka riƙa ɗora wa wani saurayi Louis Vivet ƙarafa da maganaɗisu a jiki, kowane ƙarfe ya fito da wani hali daban mai nasa tunanin da nasa shanyewar gaɓa. Daga nan lissafi ya wuce biyu. Mai karatu ya lura a hannun wa ya wuce.

Wanda ya fi kowa tunani mai zurfi a kan lamarin shi ne Pierre Janet, malamin falsafa da ya koma likita. A littafinsa na 1889 ya ce idan abu ya faru ga mutum wanda ya fi ƙarfin zuciyarsa, abin ba ya shiga cikin tarihin rayuwarsa kamar sauran abubuwa. Yakan ɓalle ya zauna gefe, yana aiki a ɓoye, yana fitowa ta mafarki ko shanyewar hannu ko muryar da mai ita bai yarda tasa ba ce.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai cikin aikinsa shi ne na wani ɗan kasuwa mai shekara 33 da ya kira Achille, wanda aka kawo asibitin Salpêtrière na Paris wajen 1890. Mutumin ya yi wata 'yar tafiyar kasuwanci, ya dawo ya daina magana da iyalinsa. Likitoci suka ce ciwon suga ne, wasu suka ce na zuciya. Ya kwanta kwana biyu kamar gawa, ya tashi da wata muguwar dariya yana cewa ya ga wuta, kuma shaiɗan ya shige shi. Yana saɓo da wata murya, yana kuka da tasa yana cewa ba shi ba ne. Duk ƙoƙarin sa shi barcin umarni ya ci tura. Sai Janet ya saƙala masa fensir a hannu lokacin da hankalinsa ke wani wuri, ya tsaya a bayansa yana raɗa tambayoyi, hannun ya fara rubuta amsa da sunan shaiɗan. Janet ya bi ta girman kan mai amsar. Ya ce ba zai yarda da ƙarfinsa ba sai ya ɗaga hannun Achille ba da son ransa ba. Hannu ya ɗagu. Ya ce to in ya isa ya sa shi barci a kujera. Achille ya yi barci.

A nan ne Janet ya yi abin da ya bambanta shi. Bai tsaya hira da shaiɗan ba, bai nemi sunansa ko garinsu ko yawansu ba. Achille ya tambaya: me ya faru a tafiyar nan? Ashe ya ci amanar matarsa ne, nadama ta cinye shi, ya yi shiru don kada bakinsa ya suɓuce, daga nan ya fara mafarkin mutuwa da azaba har mafarkin ya rinjayi farke. Janet ya yi aiki a kan wannan nadama, har da sa shi ya ga matarsa cikin barcin tana yafe masa. Mutumin ya warke, kuma Janet ya ce ya bibiye shi shekaru bai sake faɗawa ba.

Sai dai a wannan asibiti na Salpêtrière akwai wani darasi na daban. Shugabansa, Jean-Martin Charcot, yana tara ɗalibai da 'yan jarida da manyan gari yana nuna musu mata masu ciwon da ake kira histeriya, suna sanƙarewa da lanƙwashewa daki-daki kamar yadda ya tsara a littafi. Wani likita a garin Nancy, Hippolyte Bernheim, ya ce wannan tsari koyo ne: matan suna ganin juna, suna jin abin da maigida ke bayani, jikinsu yana ba shi abin da yake jira. Charcot ya rasu a 1893, kuma ba a daɗe ba irin wannan faɗuwa mai daki-daki ta yi wuyar gani. Sunan barcin umarni ya ɓaci, na Janet ma ya dushe tare da shi. Ga Sigmund Freud ya taso da nasa bayanin da ya mamaye fage. Ga kuma Eugen Bleuler na Suwizalan ya ƙirƙiro kalmar sikizofireniya a 1908, wadda asalinta a Girkanci ke nufin tsagaggen hankali. Ciwo ne daban, mai ruɗin tunani da jin muryoyi da zargin mutane, amma sunan ya rikita jama'a har yau, kuma da yawa daga masu rarrabuwar hankali da ke jin muryoyi a cikin kai an zuba su a wannan kwando. Da wasu masu bincike biyu, Taylor da Martin, suka tattara duk rahotannin da suka samu a 1944, mutum 76 suka ƙirga a cikin fiye da ƙarni guda.

Amurka ce ta farfaɗo da shi, kuma ta hanyar sinima. A 1957 likitoci biyu na jihar Georgia, Thigpen da Cleckley, suka fitar da littafin *The Three Faces of Eve*, aka yi fim a shekarar, jarumar Joanne Woodward ta ci kyautar Oscar. Sannan aka zo kan Shirley Mason.

An haife ta a 1923 a wani ƙaramin gari na jihar Minnesota, 'ya ɗaya tilo a gida mai tsananin addini. Mai zane ce, mai yawan rashin lafiya da fargaba. Ta fara ganin Wilbur a Omaha a 1945, suka sake haɗuwa a New York a 1954. Wilbur ta riƙa yi mata allurar fentotal, maganin da ke kashe jiki ya saki baki, wanda a lokacin ake ɗauka yana fito da gaskiya, alhali yana sa mutum saurin karɓar duk abin da aka jefa masa. Cikin wannan yanayi aka riƙa tono "tunani" na azabar da mahaifiyarta ta yi mata, mutanen jikinta kuma suka riƙa ƙaruwa har suka kai 16. Likitar ta wuce iyakar likita: tana zuwa gidanta, tana taimaka mata da kuɗi da sutura, suna tafiye-tafiye tare. Suka jawo wata marubuciya, Flora Rheta Schreiber, su ukun suka yi yarjejeniyar raba riba. Littafin *Sybil* ya fito a 1973, ya sayar da miliyoyin kwafi, fim ɗin talabijin na 1976 da Sally Field ta fito a ciki ya shiga gidajen Amurka ko'ina.

Kada a raina dalilin da ya sa littafin ya samu karɓuwa. Zamani ne da Amurka ta fara buɗe ido a kan cin zarafin yara, bayan rahoton likita Henry Kempe na 1962 a kan yaran da ake kawowa asibiti da karayar duka. Mata sun fara magana a fili a kan fyaɗe a cikin gida. Sojojin da suka dawo daga Biyetnam suna fama da firgita da mafarkai. Mutane da yawa da aka daɗe ana ce musu ƙarya suke yi sun ga kansu a cikin *Sybil*, kuma da yawansu gaskiya suke faɗa. A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar da bugu na uku na kundinta na cututtuka, DSM-III, ƙarƙashin jagorancin Robert Spitzer. Kundin ya koma tsarin jera sharuɗɗa, ya ware wa cututtukan rarrabuwar hankali babinsu, ciki har da ciwon mutane da yawa a jiki ɗaya. Da ciwo ya samu lamba a kundi, kamfanin inshora zai biya, asibiti zai buɗe sashe, likita zai ƙware a kai.

Kafin 1980 duk rahotannin duniya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Cikin shekara goma aka koma maganar dubbai, kusan duk a Arewacin Amurka, kusan duk mata. Binciken Frank Putnam na 1986 a kan mutum 100 ya sami matsakaicin "mutane" 13 a jikin kowane mara lafiya, daga baya har aka riƙa jin masu ɗaruruwa. Thigpen da Cleckley da kansu suka rubuta a 1984 cewa cikin duk waɗanda aka turo musu tun bayan Eve, mutum ɗaya kacal suka yarda yana da ciwon.

Akwai wanda ya nuna yadda ake gwajin da zai iya cewa a'a. A 1979 aka kama Kenneth Bianchi da laifin kashe mata a jihar Washington da birnin Los Angeles. Cikin barcin umarni wani "Steve" ya fito ya ce shi ne mai kisan, wasu ƙwararru suka yarda. Masu gabatar da ƙara suka kawo Martin Orne, masanin barcin umarni. Orne ya yi kamar hira yake, ya faɗa wa Bianchi cewa masu ciwon na gaske da wuya su tsaya a biyu, yawanci uku ne zuwa sama. Ba a jima ba sai ga wani "Billy" ya bayyana. Bianchi ya amsa laifinsa daga baya. Orne ya dasa iri da gangan don ya ga ko zai tsiro. Abin tsoron shi ne likitoci nawa ne suka riƙa dasawa ba su sani ba.

Ƙarshen abin ya yi muni. Wasu likitoci suka riƙa tono wa marasa lafiya "tunanin" cewa iyayensu 'yan ƙungiyar bautar shaiɗan ne masu yanka jarirai. Gidaje suka watse, aka kai iyaye kotu. Wani jami'in hukumar FBI, Kenneth Lanning, ya bi diddigin zarge-zargen shekaru, ya rubuta a 1992 cewa bai sami hujjar irin waɗannan ƙungiyoyin kisa ba. A 1995 Elizabeth Loftus ta nuna cewa da 'yar maimaita tambaya ana iya sa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen da ta gwada su "tuna" sun taɓa ɓata a kasuwa suna yara, abin da bai faru ba. A 1997 wata mata da aka kwantar a Chicago, aka sa ta yarda tana da mutane 300 a jiki, aka kuma kwantar da 'ya'yanta ƙanana biyu, ta karɓi diyyar dala miliyan 10.6. A shekarar ne kuma wani tsohon likita, Herbert Spiegel, wanda ya taɓa duba Shirley lokacin da Wilbur ba ta nan, ya bayyana cewa ta tambaye shi ko yana so ta zama Helen, domin haka likitarta ke so. Ya ce mata ba dole ba ne, ita ma ta ce ta fi son ta yi magana a matsayin kanta. A 2011 'yar jarida Debbie Nathan ta bi takardun Schreiber da ke ajiye a wata kwaleji a New York ta fitar da littafin *Sybil Exposed*, inda ta kawo hujjar cewa Shirley na da wani nau'in ƙarancin jini da shi kaɗai kan iya jawo kasala da ruɗewa. Har yanzu akwai masu kare Wilbur, amma ni dai wasiƙar 1958 ta ishe ni.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce ciwon ƙirƙira ne a rufe babi. Bai tsaya ba. Masu bincike a Holan da Turkiyya, inda guguwar *Sybil* ba ta kaɗa kamar a Amurka ba, sun sami masu irin alamomin a asibitocinsu. Wannan binciken na Putnam ya nuna cewa marasa lafiyar sun shafe kusan shekara bakwai suna yawo tsakanin likitoci da sunayen cututtuka daban-daban kafin a kai ga wannan. Mai rarrabuwar hankali da aka ɗauka mai sikizofireniya ne zai sha magunguna masu nauyi na shekaru, jikinsa ya mutu, abin da ke cinsa kuma ba a taɓa shi ba. Masana sun rabu gida biyu har yau: masu cewa azabar ƙuruciya ce tushe, da masu bin Nicholas Spanos da ke cewa rawa ce da al'umma da likita ke koya wa mai rauni. A nawa karatun, tsinkewar igiyar gaskiya ce kuma sau da yawa azaba ce ke tsinka ta, amma kayan da take sawa in za ta fito, wato sunaye da adadi da muryoyi, daga abin da ke kewaye da mutum take aro. A 1994 kundin DSM-IV ya canza wa ciwon suna zuwa rarrabuwar sanin kai. Shugaban kwamitin, David Spiegel, ɗan wancan Herbert ɗin ne, kuma bayaninsa shi ne matsalar mara lafiya ba yawan mutane ba ce, kasa cika mutum ɗaya ne.

Yau likita mai bin DSM-5 na 2013 yana duba manyan nau'o'i uku. Akwai mantuwar da ta wuce ta yau da kullum, wadda wani lokaci kan haɗa da tafiya, mutum ya tsinci kansa a wani gari bai san yadda ya zo ba. Akwai baƙuntar kai, mutum ya riƙa jin jikinsa ko duniya kamar a mafarki ko bayan gilashi, alhali ya san ba haka ba ne. Sai rarrabuwar sanin kai, wadda ke buƙatar hali biyu ko fiye masu karɓe ragama, tare da giɓi a abin da mutum ke tunawa, kuma abin ya zama yana cutar da rayuwarsa. Akwai takardar tambayoyi 28 da Eve Bernstein da Putnam suka tsara a 1986, ana kiranta DES, amma rariya ce kawai: maki mai yawa na nufin a zauna a bincika. Binciken kansa doguwar hira ce mai tsari, irin wadda Marlene Steinberg ta shirya, inda ake neman mara lafiya ya ba da misali da bakinsa maimakon a ba shi ya amsa da eh. Kafin a kai nan sai an kawar da farfaɗiya, musamman irin wadda ba ta kayar da mutum sai dai ya ƙura ido yana taune-taune ya farfaɗo bai tuna ba, da buguwar kai, da giya da ƙwaya. Sai an tambayi 'yan uwa abin da suka gani. Kuma tun daga wajen 2020 an ƙara wata tambaya da Janet bai san da ita ba: me kake kallo a TikTok? Domin likitoci a ƙasashe da dama sun ba da rahoton matasa na zuwa da sunan ciwon a baki da jerin mutanensu a waya.

Sharaɗi ɗaya a kundin ya shafe mu kai-tsaye. Na fara cin karo da shi ne ina shigar da lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya cikin wata manhajar ajiye bayanan asibiti, na ga lamba F44.3 a kundin ICD-10, an rubuta mata sunan fitar hayyaci da hawan iska. Sabon bugu, ICD-11, da ya fara aiki a 2022, ya ba hawan iska lambarsa ta kansa, DSM-5 kuma ya ce a wasu al'ummomi a siffar shafar aljanu ciwon ke bayyana. Kundayen ba su ce komai a kan gaibu ba, ba huruminsu ba ne, ni ma ba fatawa na zo yi ba. Abin da suka ce shi ne ba a kiran abin ciwo idan yana cikin al'ada ko addinin da jama'a suka yarda da shi, sai in ya zo ba da son mutum ba kuma yana wahalar da shi. Goɗiyar bori da ake kaɗa wa garaya ta hau, ta sauka, ta koma harkarta, ba ta shiga lissafi. Amma wa ke yanke abin da "jama'a suka yarda da shi" a garin da malamai ke ƙyamar bori, ake kuma cika ɗakin mai ruƙya? Kundin ya bar wa likita wannan, shi da sanin garinsu. Farfesa Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954, lokacin da ya fara kwantar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta tare da danginsu, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya.

Waɗanda suka girme ni suna tuna Sumbuka, lokacin da 'yan mata suka riƙa faɗuwa a makarantun sakandare na Kano a tsakiyar shekarun 1990, daga wannan aji zuwa wancan, daga wannan makaranta zuwa waccan. An ga irinsa a makarantun Nijar ma. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda yarinya ta faɗi ya san tambayoyin da ake jero mata: Waye kai? Meye sunanka? Daga ina ka zo? Ku nawa ne a jikinta? Mutum goma sun danne ta, ana ɗaga murya, wani lokaci har da bulala, kuma ba za a ƙyale ta ba sai an ji suna. Ko mene ne gaskiyar abin da ke damunta, yarinyar da ke cikin wannan hali za ta ba da suna, kuma fatar da bulalar ke sauka a kai tata ce. Wani bincike da Marjolein van Duijl da abokan aikinta suka wallafa a 2010 ya gano cewa a kudu maso yammacin Yuganda, masu zuwa wurin masu magani da hawan iska sun fi maƙwabtansu ba da labarin munanan abubuwan da suka same su a rayuwa. Tambayar da Janet ya yi wa Achille, wato me ya faru da kai, ita ce ba a cika yi wa tamu yarinyar ba, kuma ba a gaban taro ake yin ta ba. Wataƙila auren da ba ta so ne aka sa wa rana. Wataƙila wani ne a gidan, wanda yana cikin masu danne ta. Wataƙila kuma farfaɗiya ce da ƙwaya ɗaya a rana za ta tsayar, a Dawanau ko Kware ko Barnawa.

Ita Shirley Mason, bayan littafin ya yi suna mutanen garinsu suka fara gane ko wace ce, sai ta bar aikin koyarwa ta koma Lexington a jihar Kentucky, kusa da gidan Dokta Wilbur. Ba ta yi aure ba. Da likitar ta tsufa ciwon karkarwa ya kama ta, Shirley ce ta yi jinyarta har ta rasu a 1992. Ita kuma ta rasu a 1998 da ciwon dajin mama, kusan duk maƙwabtanta ba su san ita ce Sybil ba. Da aka zo kwashe kayan gidan, aka sami zane-zane fiye da ɗari a ɓoye cikin wani kabad, wasu da sa hannunta, wasu babu sunan kowa.